Allura Ba Ta Anko

Akwai wata mai gyaran fuska a Ibadan, sunanta Morenike, a gida ana kiranta Nike. Shagonta ɗaki biyu ne a saman wani kantin magani a unguwar Oke-Ado. Shekara tara ta yi tana aikin jinya a asibiti kafin ta je ta yi karatun kula da fata.

Abin da ya fi kawo mutane wurinta shi ne aikin allurai. Wata na'ura ce mai kama da biro, a bakinta akwai allurai sirara ƙwarai, ana bin fuska da ita tana huda ƙananan ƙofofi. Fata idan ta ji an tsokane ta sai ta duƙufa gyaran kanta, da haka ramukan tsohon tabo suke cikowa kaɗan-kaɗan.

An san Morenike da yawan tambaya. Kafin ta taɓa fuskar mutum sai ta cika takarda guda da amsoshinsa. Wasu sukan gaji su tashi su nemi wani shagon. Ba ta riƙe kowa.

Mahaifiyarta ta rasu tun tana sakandare. Da ta auri Dotun sai ta sami uwa a wurin surukarta, Mama Aduke, mai sayar da atamfa da leshi a kasuwar Gbagi. Ita ta yi mata wankan jego har sau uku. Duk Asabar kuma takan aiko mata da kwanon miya, tare da saƙon kada a bai wa Dotun sai abin da ya rage.

Mama Aduke tana da shekara tara ƙarambau ya kama ta, ta yi ta sosawa, ya bar mata zanzana a kumatu biyu da goshi. Tun tana budurwa ba ta fita ɗaki sai ta cike ramukan da hoda mai kauri. Duk hotunan gidan, ko dai tana can baya, ko ta sunkuyar da kai inuwar gwaggwaro ta rufe rabin fuskar.

A watan Disamba za ta cika shekara sittin. 'Ya'yanta suka yanke shawarar yi mata biki yadda ake yi, a buga hotonta a jikin robobi da jakunkuna da kalandu a raba wa baƙi. Mai bugawa ya ce a kawo masa hoton kafin ƙarshen Nuwamba.

Wata Talata da la'asar a watan Yuni, Mama Aduke ta hawo benen shagon tana nishi. Ta zauna tana hira da mutane har mai zuwa ta ƙarshe ta fita. Sannan ta ce wa Morenike ta rufe ƙofa, ta kawo mata ruwa da sabulu.

Ta wanke fuskarta tas, ta ɗago. Shekara goma sha huɗu Morenike tana auren ɗanta, ran nan ta fara ganin fuskar surukarta ba hoda.

Mama ta ce, "Kin gani. Roba ɗari huɗu za su ɗauki wannan fuskar su shiga gidajen mutane. Mijinki ya ce mai hoto zai goge a kwamfuta. To idan sun kalli roba suka ɗago suka kalle ni fa? Hoto ɗaya nake so a rayuwata, Nike, wanda zan ɗaga kai, kuma fuskar tawa ce."

Morenike ta zaunar da ita a kujerar aiki. Ta jawo fitila, ta sa safar hannu, ta shiga duba fatar a natse. Daga nan ta ɗauko takardarta.

Ta tambaye ta ko tana da ciwon suga, ko tana shan maganin tsinka jini. Ta tambaya ko ƙurajen zazzaɓi sukan fito mata a gefen baki. Ta duba hudar kunnenta da lambar rigakafi da ke dantsenta, domin wanda tabonsa yake tsirowa ya yi tudu, allura ba tasa ba ce sam. Duk waɗannan Mama ta tsallake lafiya, sai gwajin suga da Morenike ta ce a sake.

Sai ta zo kan tambayar da ta riga ta san amsarta. Fatar kumatun ta yi siriri, har ana hango ƙananan jijiyoyi a ƙarƙashi.

"Mama, wane mai kuke shafawa?"

Mama ta kau da kai ta ce man kaɗanya.

"Da me kuma?"

Mama ta zuge jaka ta fito da wata kwalba marar suna. Wata mata ce a kasuwa take haɗa musu, shekara shida ke nan. Ta ce ba don ta yi fari take shafawa ba, don tabon ya rage duhu ne.

Morenike ta durƙusa a gabanta, ta riƙe hannunta, ta gaya mata gaskiya. Wannan man ya cinye ƙarfin fatar. Idan aka sa allura yanzu, ba gyaruwa za ta yi ba, yagewa za ta yi, ta bar baƙin tabo da ya fi na da muni. Sai an janye man a hankali da shawarar likitan fata, a ba fuskar hutu na aƙalla mako shida. Bayan nan za a fara, zama ɗaya a kowane mako biyar. Kuma ko an yi komai daidai, ramukan ba za su ɓace ba. Za su dai yi laushi, su rage zurfi.

Mama ta lissafa da yatsu ta ce, "Wato ke aikinki jira ne."

Morenike ta ce, "Rabinsa jira ne, Mama."

Mama ta bar mata kwalbar a kan tebur ta tafi.

Makonnin da suka biyo baya ba su yi wa Mama daɗi ba. Fuskarta ta yi ta ƙaiƙayi, ta bushe, launinta na asali ya fara dawowa ɓangare-ɓangare. Maƙwabtanta na kasuwa suka riƙa tambaya ko ba ta da lafiya. Kullum da safe sai ta kira Morenike a waya ta yi mita, Morenike ta saurara har ƙarshe, ta tuna mata da man kariya daga rana, ta ce saura kwana kaza.

A mako na uku taron ƙungiya ya zagayo gidan Mama.

Su goma sha biyu ne, duk matan kasuwa, shekara talatin suna tare. Komai nasu ɗaya ne. Anko ɗaya suke ɗinkawa, ɗauri ɗaya suke yi. Suna da manyan tukwane da kuloli da kujeru na ƙungiya, duk wadda ke da hidima sai a kai gidanta. Idan ɗaya ta samo sabon abu mai amfani, ba ta ɓoyewa, kawowa take yi kowa ya samu. Wannan ɗabi'ar ce ta riƙe su tsawon shekarun nan, da ita suka aurar da 'ya'ya, da ita suka binne mazaje.

Ranar taro matan 'ya'ya ne suke girki da rabon abinci. Tun hantsi Morenike take bayan gida tana tuƙa amala. Sai bayan azahar ta shigo falo da babban faranti a hannu.

Ta tarar an ture tebur gefe. Alhaja Wosilat, wato Hajiya a bakin Yarbawa, aminiyar Mama tun suna 'yan mata, tana tsaye a tsakiya riƙe da wata 'yar taya mai mariƙi, jikinta duk ƙananan allurai. Daga Legas ta sayo, ta ce irin aikin da ake biyan dubbai a shago ne, ga shi a sauƙaƙe. Tun da ta ƙungiya ce, kowa za ta samu.

An fara da shugabar ƙungiya, don girmamawa. Morenike ta kalle ta, ta ga ƙurajen zazzaɓi jere a gefen leɓenta. Bayan shugaba an yi wa Alhaja kanta, sannan wata ta uku. Fuskokinsu sun yi jajir, da ɗigon jini nan da can. Suna ta lafta man ƙara haske a kai, wai yanzu ne zai shiga da kyau tun da ƙofofi a buɗe suke.

Alhaja ta tsoma tayar a kofin ruwan zafi, ta girgiza, ta goge da gefen zaninta.

"Maman Dotun, matso. Ke ce ma kika fi kowa buƙata, bari in danna miki da kyau."

Mama Aduke ta gyara zama, ta ɗaga haɓa, ta rufe ido.

Matar ɗa ba ta sa baki a taron iyaye. Aikinta ta durƙusa ta ajiye abinci, ta amsa addu'a ta fita. Morenike ta san haka sarai. Ta ajiye farantin a ƙasa, ta taka tsakiyar falon, ta riƙe hannun Alhaja kafin tayar ta sauka. Ta zare ta daga hannunta, ta naɗe a cikin tsumman da take riƙe da shi, sannan ta zube gwiwa biyu.



Ta ce, "Iyayena, ku gafarce ni. Wannan abin ba a yin tarayya a kansa. Jinin mutum uku ne a jikinsa, ruwan zafi ba ya wanke shi. Ba zai taɓa fuskar Mama ba. Ku kuma da aka yi wa, don Allah ku wanke man nan yanzu da ruwa zalla."

Alhaja ta tafa hannu ta juya ga sauran. "Kun ji amaryarmu likita? Jininmu ne ya zama ƙazanta. Shekara talatin muna cin abinci a kwano ɗaya ba mu mutu ba. Ko dai tsoro kike kada mu kashe miki kasuwa?"

Wata ta yi dariya, wata ta ce yaran yanzu karatu ya cire musu kunya. Shugaba ta rufe bakinta da gefen mayafi, ranta a ɓace, don ta ga inda idon Morenike ya tsaya.

Mama Aduke ta buɗe ido. Muryarta ba ta tashi ba.

"Nike, mayar mata da kayanta."

"Mama, ku yi haƙuri. Ba zan iya ba."

"A gaban ƙawayena?"

Morenike ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tsumman, amma ba ta miƙa ba. Mama ta ce ta tashi ta bar mata gida.

Ta fita da tayar a hannu. Da ta isa shago ta jefa ta cikin akwatin zubar da allurai.

Asabar ta zo, kwanon miya bai zo ba. Wata Asabar ɗin ma haka. Morenike ta je gaisuwa sau biyu, aka ce Mama tana barci. Dotun ya ce ya san tana da gaskiya, amma da ta ja Mama gefe ta yi mata raɗa. Ta ce masa ta yi tunanin haka, sai dai tsakanin tayar da kumatun Mama bai kai tsawon yatsa ba.

Duk da haka, kowace safiya takan tura wa Mama saƙon murya gajere. Ta gaishe ta, ta tuna mata da man kariya daga rana, ta roƙe ta kada ta koma wa man haɗi. Alamar waya tana nuna an saurara. Amsa ce dai babu.

Kwana goma sha ɗaya bayan taron, da hantsi, ta ji takun mutum biyu a bene. Mama Aduke ce a gaba, tana jan hannun wata mata da ta lulluɓe fuskarta da mayafi.

Mama ba ta yi gaisuwa ba. Ta zaunar da matar a kujera ta ce, "Duba mini ita."

Alhaja Wosilat ce. Kumatunta sun kumbura, ƙuraje masu ruwa sun bazu daga haɓa har gindin ido, wasu sun fashe suna fitar da mugunya. Inda ya fara bushewa ya yi baƙi kamar ƙuna. Kwana huɗu tana kulle a ɗaki tana shafa man zafi da toka, kunya ta hana ta gaya wa kowa, sai da Mama ta je ta buga ƙofa ta ƙi tafiya.

Alhaja ta kasa haɗa ido da Morenike. Ta ce da ƙaramar murya, "Faɗi abin da za ki faɗa, amarya. Na ci."

Morenike ta wanke hannu ta sa safa. "Babu abin da zan faɗa, Alhaja. Ku ɗan ɗaga kai in gani. Yana yi muku zafi a nan?"

Ta wanke wurin a hankali da ruwan gishiri na asibiti, ta rufe da auduga mai tsabta. Ta ce wannan ya wuce aikin shago, na likitan fata ne, kuma yau ɗin nan, tun da ƙurajen sun kusa ido. Ta ƙara da cewa duk ukun da tayar ta taɓa sai sun yi gwajin jini na ciwon hanta da ƙanjamau, yanzu, da kuma bayan wata uku. Ta ce ba zargin kowa ake yi ba, mutum yana iya ɗauke da ciwon hanta shekara ashirin bai sani ba.

Ta rufe shagon, ta ba masu jiran layi haƙuri, ta tare mota ta kai su asibiti da kanta. Ita ta bi layin kati, ita ta sayo magani. Da yamma ta je gidan shugaba da na matar ta uku, ta durƙusa ta roƙe su har suka yarda za su je gwaji.

A hanyar dawowa daga asibiti Mama tana zaune kusa da ita a bayan mota, tana kallon titi. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ban koma wa man ba."

Morenike ta ce, "Na gani a fuskarku."

"Saura kwana nawa?"

"Goma, Mama."

Mama ta ɗora hannunta a kan gwiwar Morenike, ta bar shi a nan har suka sauka.

Da kwanakin suka cika, likita ya duba ya ce fata ta farfaɗo, suga ma lafiya lau. Duk da haka Morenike ba ta fara da fuskar gaba ɗaya ba. Ta gwada wuri kaɗan a ƙarƙashin muƙamuƙi, ta ce a dawo bayan mako biyu a ga yadda zai warke. Baƙar fata idan aka matsa mata takan rama da duhu, gara a tambaye ta a ɓoye kafin a tambaye ta a fili. Mama ta harare ta, amma ba ta yi musu ba.

Wurin ya warke sumul. A tsakiyar Agusta aka yi zama na farko.

Morenike ta wanke fuskar, ta shafa man kashe zafi, suka zauna hira rabin awa. Sannan ta goge man tas, kada allura ta tura shi cikin fata, ta bi wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ta ɗauko kan allurai sabo a cikin ledarsa, ta miƙa wa Mama ta ce ta duba kwanan watan da ke jiki, ta kuma tabbata ledar ba ta huje ba.

Mama ta juya shi ta ce, "Ni ma sai kin nuna mini? Ba na yarda da ke ba?"

"Kowa nake nuna wa. Duk inda kuka je aka ƙi buɗe sabo a gabanku, ku ɗauki jakarku ku fito."

Ta fara da goshi, inda fata take kwance a kan ƙashi, ta saita zurfin ƙasa da rabin milimita. Da ta sauko kumatu, inda ramukan suke kuma akwai tsoka, sai ta ƙara zuwa milimita ɗaya. Tana miƙar da fatar da yatsu biyu, tana tafiyar da na'urar layi-layi, ba ta dannawa, ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ta kauce wa fatar ido da leɓe, ta zagaye wata tawadar Allah da ke gefen hanci. Abin da kawai ta ɗiga a fuskar shi ne ruwan danshi da aka yi musamman don wannan aikin, daga kwalba sabuwa.

Da fatar ta ɗan yi ja, ƙananan ɗigon jini kamar bakin allura suka fara bayyana, sai ta kashe na'urar.

Mama ta ce, "Har kin gama? Ƙara mana, ban ji komai ba."

"Fatar ta ce ya isa. Abin da ya wuce nan rauni ne."

Ta cire kan allurar ta jefa a akwati a gaban idonta. Sannan ta zaunar da ita ta karanta mata dokoki, ta kuma rubuta su a takarda da manyan baƙaƙe. Kada ruwa ya taɓa fuskar sai gobe da safe, shi ma mai ɗumi, da tafin hannu. Babu soso, babu sabulun salo, babu lemon tsami har mako guda. Babu hoda kwana biyu. Kada ta tsaya kan tukunya tururi ya dake ta. A sauya rigar matashi. Idan fata ta fara saɓa kada a ɓanɓare. Rana kuwa ita ce babbar abokiyar gaba, sai da man kariya da malafa. In ta ga kumburi yana ƙaruwa, ko mugunya, ko zazzaɓi, ta kira nan take.

Maganar hoda ce ta fi yi wa Mama nauyi. Kwana biyun nan a gidan Morenike ta yi su, jikokinta suna hawa jikinta. Babu wanda ya ce komai game da fuskarta, sai ƙaramar da ta ce kaka ta yi kama da tumatir.

Malafar kuwa ta zama abin dariya a Gbagi. Maƙwabta suka riƙa tambaya ko ta koma noma ne. Ta ce eh, fuska take nomawa, su jira kaka.

Zama na biyu ya zo a ƙarshen Satumba, na uku a farkon Nuwamba. A na biyun Alhaja Wosilat ta rako ta. Ƙurajenta sun warke amma baƙin tabon yana nan, likita ya ce zai iya kai shekara kafin ya dushe. Ta zauna a gefe tana cin gyaɗa, tana gaya wa duk wadda ta shigo shagon ta kalli fuskarta da kyau, wannan aikin wata ƙwararriya ce mai suna Wosilat, kuma kyauta ta yi. Daga baya gwajin su ukun na wata uku ya fito lafiya, ƙungiya ta yi sadaka.

Bayan zama na uku Mama ta tsaya gaban madubi. Ramukan suna nan. Gefunansu dai sun yi laushi, ba sa kama inuwa kamar da, launin fuskar kuma ya daidaita, baƙi mai sheƙi irin na ƙuruciyarta. Saura mako uku a ɗauki hoto.

Ta ce, "Nike, idan muka saka ɗaya a tsakani, mako mai zuwa?"

Morenike ta buɗe baki, Mama ta ɗaga mata hannu.

"Bar shi. Na san amsar. Na dai tambaya ne in ji ko kin yi laushi."

Ranar hoto suka tafi su biyu. Mama ta sha ashoke ruwan zuma, ɗaurinta ya tashi sama, ba ta jawo shi kan goshi ba. Mai kwalliyar wurin ta matso da akwatinta ta ce za ta cike kumatun su yi sumul. Mama ta ce ta sa mata kwalli da jan baki kawai.

Ta zauna a kujera, aka kunna fitilu. Nan take kafaɗunta suka sauko, haɓarta ta nufi ƙirji. Mai hoto ya ce ta ɗago. Ta ɗago, kafin ya danna ta sake sunkuyawa. Sau huɗu ana haka. Sabo na shekara hamsin ba ya fita a wata biyar.

Ta ce a hankali, "Ban san inda zan sa idona ba."

Morenike ta zagaya ta tsaya bayan mai hoto, ta ɗan leƙo ta gefen kafaɗarsa.

"Mama, ku manta da shi. Ni za ku kalla. Ni na san kowane rami a fuskar nan, na ƙirga su, ɗari da goma sha bakwai ne. Babu wanda ban so ba."

Mama ta kalle ta. Kamar za ta yi kuka, sai dariya ta ƙwace mata.

"Ji 'yar nema. Har da ƙirge?"

A daidai nan mai hoto ya danna.

Wannan hoton aka buga a roba ɗari huɗu. Zanzanar tana nan, duk mai ido zai gani. Kai a ɗage yake, haƙora a waje. Wanda ya lura da kyau kuma zai ga Mama Aduke ba kyamara take kallo ba, idonta ya ɗan karkata hagu, wurin da matar ɗanta take tsaye.

Darasi: Ana tarayya a tukunya, ana tarayya a anko, amma ba a tarayya a allura ko da uwa ɗaya uba ɗaya ne. Kada ki bari a huda fuskarki sai a hannun wadda ta koyi aikin, wadda za ta yi miki tambayoyi, ta buɗe sabuwar allura a gabanki, ta kuma iya ce miki ki jira. Ki gaya mata gaskiyar man da kike shafawa. Wanda ya hana ki abin da zai cuce ki, ko da ranki zai ɓaci da shi, shi ne mai ƙaunarki. Ku tura wannan labarin ga iyayenku mata da ƙawayenku, musamman waɗanda ke cikin ƙungiyoyi, wataƙila ya isa wurin wata kafin tayar ta iso kanta.